Ka Sayi Injin Matse Rake A Danja: To, Wa Ka Sani A Harkar?

Akwai wani irin rubutu da ya cika Facebook da TikTok a 'yan shekarun nan. Matashi ya tsaya gaban sabon inji, ya ɗauki hoto, ya rubuta cewa ya daina jiran aikin gwamnati. A yi ta zuba masa addu'a, a yi ta yaɗawa. Bayan wata shida ka leƙa shafin nasa, ka tarar ya koma sharhin ƙwallo, injin kuma babu wanda ya sake jin labarinsa. Ba kasafai ake dawowa a faɗa mana abin da ya faru ba, mu ma ba ma tambaya.

Mu ɗauka kai ne. Ka gama hidimar ƙasa, ko ka tara wani abu daga sana'ar POS, ko an raba gado ka samu kasonka. Ka duba ka ga ƙasar Danja ta yi suna a abu biyu, tumatir da rake, ka ce kai mazarƙwaila za ka yi. Lissafinka bai yi kuskure ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da ake sha a Najeriya daga waje ake kawo ɗanyensa, galibi daga Brazil, a tace shi a Legas. Duk lokacin da Naira ta faɗi, sukari ya tashi, masu koko da kunu da masu alewa sukan waiwayo mazarƙwaila. Ga kuma 'yan birni da suka fara gudun farin sukari suna neman abin gargajiya. Kasuwa dai akwai ta. Ka sayi inji, ka sayi manyan kaskon dahuwa, ka samu fili a bakin fadama. Abin da ya rage shi ne wanda ba a sayarwa a kanti, wato mutane.

Agogon da rake ke ɗaura maka

Kafin mu zo kan mutanen, ya kamata ka san abin da ya sa wannan sana'a ba ta yiwuwa ga mutum ɗaya. Masara ko dawa, idan ka saya ka zuba a buhu, za ta jira ka wata da watanni. Rake ba ya jira. Daga lokacin da aka sare shi zaƙinsa ke fara canzawa, shi ya sa masana ke cewa a matse shi cikin kwana ɗaya da sara. Idan ya yi kwanaki a yashe cikin rana, nauyinsa ya ragu, kuma mazarƙwailar da za ta fito ba za ta daskare yadda ake so ba, sai ta yi ta danƙo tana naso. Ruwan da aka matse ya fi haka rashin haƙuri. 'Yan sa'o'i kaɗan ya fara tsami. Dole daga bakin inji ya wuce kasko, daga kasko ya wuce kwanukan da zai daskare a ciki.

Sai kuma yawan kayan. A ƙiyasin da aka saba da shi a ƙasashen da ke wannan sana'a, kilo 100 na rake yana ba da wajen kilo 10 na mazarƙwaila, ya ɗan haura ko ya ɗan gaza gwargwadon irin raken da ƙarfin injin. Ma'ana, kafin ka fitar da tan ɗaya, sai an sare tan goma, an ɗaure, an ɗauko, an sauke, an tura cikin inji. Ka ƙirga hannaye nawa ke nan. Masu sara, masu dako, mai amalanke ko mai mota, mai ba inji rake, mai shanya tukar da aka matse don ta zama makamashi, mai hura wuta, mai dahuwa. Mutum ɗaya ya ƙi zuwa ranar, sauran duk sun tsaya, rake kuma yana can yana lalacewa.

Ga shi lokacin aikin gajere ne. Rake na ɗaukar wata goma zuwa shekara a gona, matsar kuma aikin rani ce, daga bayan kaka har zuwa lokacin da zafi ya kankama. A cikin waɗannan watanni kowane mai inji yana neman rake iri ɗaya, leburori iri ɗaya, mota iri ɗaya. Wanda ya shekara ashirin a wurin ya san wa zai kira. Kai kuma lambar wa ke cikin wayarka?

Manomi ya riga ya yi alkawari

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne ka zo da kuɗi a hannu, ka ga gonar rake shar da ita, mai gonar ya ce maka ba ta sayarwa ba ce. Ba rowa ya yi maka ba. Sau da yawa tun da damina wani ya ba shi kuɗin taki, ko ya taimaka masa lokacin da yaro ya kwanta asibiti, a kan cewa idan rake ya nuna shi zai fara tayawa. Babu takarda, babu sa hannu, amma wannan alkawari ya fi takarda ƙarfi, domin gobe ma zai buƙaci mutumin. Kai kuwa bai sani ba ko baɗi kana nan.

Nan ne sababbin shiga kan yi abin da ke ɓata su. Sai su ƙara kuɗi a kan farashin da ake yi don su karya alkawarin. Wataƙila ka samu gona biyu ko uku ta haka. Amma ka tayar wa kowa farashi, ka sa tsofaffin masu inji sun sa maka ido, manomin da ya sayar maka kuma ya koyi cewa kai mai ƙari ne, baɗi zai jira ka ƙara fiye da haka. A ganina wannan ita ce hanya mafi tsada ta shiga kowace sana'a.

Kada ka ɗauka wannan matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce kawai. Ka tuna kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wanda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. Ba a daɗe da buɗewa ba ya tsaya, a shekarar da tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa, manoman Danja ma ba su tsira ba. Bayan nan ma ya yi ta buɗewa yana rufewa, saboda ƙarancin tumatir da rashin daidaito da manoma kan farashi. Idan mai kuɗin Afirka zai gina inji ya rasa abin zuba masa, kai da injinka ɗaya sai ka yi wa kanka faɗa.

Hanyar da ta fi, duk da tana da jinkiri, ita ce ta gaisuwa. Da ɗan gari akan ci gari. Kusan kowane gari da ƙauye a wannan yanki yana da mai unguwa ko dagaci, akwai Sarkin Noma, akwai dattawan da idan suka ce wane mutumin kirki ne magana ta ƙare. Ka samu wanda zai kai ka, kada ka kai kanka. Ka je ka zauna a tabarma, ka ce, "Baba, na zo ne in koyi sana'a a wurinku." Kada ka fara da zancen digirinka ko da yadda ake yi a Indiya. Za a tambaye ka ɗan wane ne kai, kuma wa ya turo ka. Amsar waɗannan tambayoyi biyu ta fi duk takardar tsarin kasuwancin da ka buga a kwamfuta.

Mai dahuwa da bakanike

Cikin duk mutanen da za ka nema, akwai biyu da nake ganin ba a ba su girman da ya kamata. Na farko mai dahuwa. Shi ne ke tsaye kan kasko cikin hayaƙi yana kwashe kumfa da datti, yana kallon yadda ruwan ke kauri. Babu ma'aunin zafi a hannunsa. Da ido da hanci da yadda ruwan ke zuba daga ludayi yake gane cewa lokaci ya yi. Ya sauke da wuri, ba za ta daskare ba. Ya ɗan makara, ta ƙone ta yi baƙi da ɗaci. Tsakanin kaya mai kyau da asarar yini guda, mintuna ne. Irin wannan gwani ba ya neman aiki a intanet, kuma yawanci yana da ubangidan da ya saba da shi. Idan ka zare shi da kuɗi daga wurin wani, ka sayi gaba. Abin da ya fi shi ne ka roƙi tsohon mai inji ya ba ka ɗaya daga cikin yaran da suka ƙware a hannunsa. Yaron ya samu ci gaba, ubangidan ya samu girma, kai kuma ka samu wanda za ka koma wa idan abu ya rikice.

Na biyu bakanike. A da doki ne ke zagayawa yana juya injin matsa, yanzu galibi injin mai ne ke ja. Ranar da wani ƙarfe ya karye alhali rake na jibge, ba ka da lokacin neman wanda ya iya. Dole tun kafin ranar ka san wanda zai taso da daddare saboda kai, ka kuma san inda ake samun kayan gyara, ko a Funtuwa, ko Zariya, ko sai an je Kano. Sau da yawa ma abin da zai cece ka shi ne maƙwabcinka mai inji, ya ara maka bel, ko ya ce kawo raken a matse a nawa kafin naka ya tashi. Wanda ba ka taɓa gaisarwa ba, da wane ido za ka je masa?

Dillali ba ɓarawo ba ne

Mu 'yan soshiyal midiya muna da wata waƙa da muka haddace: a kawar da dillalai, manomi ya sayar kai tsaye. Tana da daɗin faɗa. Amma ka tsaya ka duba abin da dillali ke yi kafin ka kore shi. Baƙon ɗan kasuwa ya zo daga nesa, bai san ka ba, ba ka san shi ba. Yana son kaya da yawa, kuɗinsa bai cika ba, ya ce sai ya sayar zai aiko da sauran. Wa zai tsaya masa? Wa zai tabbatar masa cewa abin da ke ƙasan buhu irin na sama ne? Dillali ne. La'adar da yake karɓa kuɗin amanar da ya shekara yana tarawa ce.

Wannan tsari ba yau Hausawa suka fara shi ba. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Abin da ya gano shi ne cewa duk harkar a kan masu gida take. Maigida ke sauke baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da mai saye ta hannun yaransa dillalai, kuma ya ɗauki nauyin bashin idan mai saye ya gudu. Dukiya mai yawa tana yawo ba banki ba kotu, saboda kowa ya san idan ya ci amana sau ɗaya labari zai riga shi isa kowace kasuwa. Mun ga ragowar wannan da idonmu a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar Naira ta ɓace, tura kuɗi ta waya kuma ya yi ta maƙalewa. A kasuwannin ƙauye, wanda aka sani ya ɗauki kaya a kan zai biya daga baya. Wanda ba a sani ba ya koma gida da kuɗinsa a cikin waya.

Ban ce duk dillali waliyyi ne ba. Akwai mai danne farashi, akwai mai faɗa maka kuɗi kaza aka saya alhali ya fi haka. Maganinsa shi ne kada ka tsaya kan mutum ɗaya ko kasuwa ɗaya. Allah ya ajiye Danja a mahaɗa. Hanyar da ta taso daga Zariya ta Hunƙuyi ta ratsa Danja da Dabai ta nufi Ƙafur da Malumfashi. Ga Bakori da Funtuwa ta yamma, ga Rogo ta Jihar Kano, ga ƙasar Kudan da Maƙarfi a Jihar Kaduna, inda rake da mazarƙwaila suka zama abin alfahari. Rake bai san iyakar jiha ba, 'yan kasuwarsa ma haka. Mutum ɗaya da za ka iya kira a Maƙarfi ka ji yadda aka tashi kasuwa ya isa ya hana a yi maka sakiyar da ba ruwa a gida.

A aji an koya mana wani nazari na Mark Granovetter na 1973, wanda ya nuna cewa sabon labari mai amfani, kamar na samun aiki, ya fi zuwa daga mutanen da ka sani sama-sama, ba daga aminanka ba. Dalili kuwa, aminanka abin da ka sani shi suka sani. Direban da ke kai kaya Kudu, mai shayin bakin tasha, matar da ke sarin mazarƙwaila tana yin alewa a Funtuwa, su ne za su fara jin cewa wani wuri kaya ya yanke. Ke ma 'yar'uwa mai sayar da kaya a WhatsApp da Instagram, wannan ya shafe ki. Ba sai kin mallaki inji ba. Mai inji yana da kaya amma bai san matan Abuja da Kaduna ba, ke kin san su amma ba ki da kaya mai tsabta da za ki dogara da shi duk wata. Ku biyun kuna neman juna, galibi ba ku sani ba.

Waya tana da iyakarta

To ina amfanin wayar da muka ƙware a kai? Tana da shi, sosai ma. Zauren WhatsApp na masu inji goma ko ashirin zai iya rage asara mai yawa: wa ke da mota da za ta koma wayam, nawa aka sayar yau, wane mai saye ne ya ci bashin wani ya ɓace. Tunda da yawa daga cikin dattawan ba sa rubutu, saƙon murya ya fi aiki. Kai da ka iya waya, wannan ita ce gudunmawar da za ka shigo da ita. Ka ɗauki wa dattijo hoton kayansa, ka buɗe masa asusun karɓar kuɗi, ka duba masa saƙon banki na gaske ne ko na bogi. Ka zama mai amfani kafin ka zama mai roƙo.

Sai dai fa ka sani, mabiya dubu hamsin a TikTok ba za su sa manomi ɗaya a Kahutu ko Tandama ya ba ka rakensa bashi ba. Akwai wani tsohon bincike da duk ɗalibin aikin jarida ya ci karo da shi, wanda Ryan da Gross suka wallafa a 1943 kan manoman jihar Iowa ta Amurka da sabon irin masara. Da yawa daga cikinsu daga bakin 'yan talla suka fara jin labarin irin, amma ba su shuka ba sai da suka ga maƙwabta sun gwada. Talla ta sanar da su, maƙwabci ya gamsar da su. Fiye da shekara tamanin ke nan, kuma ban ga abin da ya canza a fadamun Danja ba. Zumunta a ƙafa take. Ɗaurin aure, suna, jana'iza, gaisuwar Sallah, a nan ake ganin ko kai na mutane ne.

Wata gargaɗi kuma. Kada ka shiga wurin aikin wani ka kunna kyamara ba izini, ka fito kana cewa ku ga ƙazantar da ake ci, ni nawa na zamani ne. Za ka samu masu kallo, amma ka zubar da mutuncin sana'ar gaba ɗaya, har da taka, domin mai saye a Legas bai san bambancin injinka da na maƙwabcinka ba. Shi dai mazarƙwailar Hausa ya sani. Idan kana ganin akwai gyara a tsabta, kuma akwai, ka fara a wurinka: tace ruwan da kyalle mai kyau, rufe kaya daga ƙuda da ƙura, ɗaga wurin shanya daga ƙasa. Ranar da aka ga kayanka sun fi kuɗi a kasuwa, ba sai ka yi wa kowa lacca ba.

Ƙungiya, da abin da ke cikinta

Wata rana za a ce maka ka shiga ƙungiya, ko kai ka ji kana son kafa ta matasa. A dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya, mutum goma sun isa su yi rajista. Amfaninta a fili yake. Bankin Manoma da Bankin Masana'antu da hukumar SMEDAN sun fi sauraron ƙungiya a kan mutum ɗaya. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ita ke da alhakin binciken rake, ga kuma cibiyar IAR da NAERLS a Samaru, tafiyar da ba ta da nisa daga Danja. Wasiƙar mutum ashirin ta fi saurin fito da malamin gona. Idan kuma burinka kayanka su shiga manyan kantuna cikin leda mai tambari, sai da rajistar CAC da lambar NAFDAC, su kuma NAFDAC sai sun ga ɗakin da ake aikin. Ɗaki ɗaya mai tsabta na ƙulla kaya, wanda mutum goma suka haɗa kuɗi suka gina, ya fi sauƙi a kan kowa ya ce sai ya gina nasa.

Wasu ƙasashen sun yi nisa a wannan. Indiya ce kan gaba a duniya wajen yin mazarƙwaila, kuma ta yankin Kolhapur har rajista gwamnati ta yi mata, ta yadda ba kowa zai laƙaba wa kayansa sunan ba. Kolombiya ce ke bi mata, inda suke kiranta panela, kuma dubban ƙananan masu inji suna da tarayya guda mai suna Fedepanela da ke magana da yawunsu. A kudancin Faransa ma, tun farkon ƙarni na 20 ƙananan manoman inabi suka fara haɗa kai suna gina wurin matsa guda ɗaya. Abin da suke yi da ruwan ba namu ba ne, amma matsalar iri ɗaya ce: amfanin gona mai saurin lalacewa, inji mai tsada, da manyan 'yan kasuwa masu yanke farashi. Mu a nan, an kafa hukumar bunƙasa sukari ta ƙasa tun 1993, an fito da babban shirin sukari a 2012, amma hankalin shirin yana kan manyan gonaki irin na Numan da Sunti. Ƙaramin mai inji a fadama, in bai haɗa kai da ɗan'uwansa ba, babu wanda zai jiyo muryarsa a Abuja.

Amma gaskiya, kada in yi maka daɗin baki. Da yawa daga cikin ƙungiyoyinmu ba a kafa su don aiki ba, an kafa su ne don jiran tallafi. A yi kati, a yi hula, a zaɓi shugaba, tallafin ya zo ya tsaya a hannun mutum uku, shi ke nan. Kafin ka zuba kuɗinka, ka tambaya: me suka taɓa yi tare da ba gwamnati ce ta kawo ba? Sun taɓa haɗa kuɗi sun sayi man inji a sari? Sun taɓa ɗaukar mota ɗaya sun kai kaya? Akwai littafin shiga da fita, kuma wa ke riƙe da shi? Idan amsar ita ce shiru, gara adashin mutum biyar da kuka yarda da juna.

Sanin mutane kuma yana da nasa nauyin. Da zarar ka zama na gida, za a fara zuwa cin bashi, kuma kunya za ta hana ka tambaya. Za a iya cewa kowa ya riƙe kayansa kada a sayar ƙasa da kaza, alhali kai kana da bashin da ya ƙure maka. Wani zai ba ka shawarar ka yi haɗi don kaya su yi nauyi ko su yi haske, ya ce ai kowa haka yake yi. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Ka rubuta duk bashin da ka bayar a gaban mai karɓa, ko da kawunka ne, ka ce masa, "Kawu, don kada in manta ne." Zai ji haushi ranar farko, daga baya ya saba.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma dole a faɗa. Kudancin Katsina ya sha fama da 'yan bindiga, daga Faskari da Sabuwa da Ɗandume har abin ya taɓa Bakori da Ƙafur da Malumfashi da ita kanta Danja. Sana'ar da ake kwana a fadama ana hura wuta, ana kuma yawo da kuɗi ranar kasuwa, ba ta mutumin da ba ya jin labari ba ce. Wace hanya ce ba a bi bayan la'asar, wane ƙauye ne aka ga baƙin fuska jiya, wannan ba ya fitowa a jarida sai bayan abu ya faru. A bakin direbobi da 'yan sintiri da masu unguwa yake, kuma wanda suka sani suke kira. Saboda haka ma ka rage sanya hoton damin kuɗi da sabon inji a shafinka, kana rubuta sunan ƙauyen da kake. Ba masu yi maka addu'a kaɗai ke kallo ba.

Idan da rani mai zuwa kake son fara matsa, to lokacin fara zirga-zirga shi ne damina, sa'ad da injuna ke rufe, masu su kuma ke da sararin zama su yi hira. A lokacin ne manomi ke neman kuɗin taki, a lokacin ne mai dahuwa bai yi wa kowa alkawari ba tukuna. Wasu ma za su ba ka shawarar kada ka sayi inji a shekarar farko sam. Ka sayi rake gona ɗaya, ka kai wurin wani tsohon hannu ka biya kuɗin matsa, ka tsaya a kan kaskon daga asuba har dare, ka bi kayan zuwa kasuwa ka ga hannun da suke bi. Ribar ba za ta taka kara ta karya ba, kuma babu hoton da zai burge kowa a Facebook. Amma kafin kakar ta ƙare za ka san sunan masu sara, ka san wane dillali ne ke biya a ranar da ya ce, su ma su san ko kai kana biyan lebura kafin ya tafi gida.